Kilomita nawa rediyon oba-oba yake kaiwa? Abin da na gani tsakanin Birnin Kebbi da Argungu

Tun da aka ga ƙarfen eriya ya miƙe a bayan gidana a Birnin Kebbi, kusan tambaya ɗaya ake yi mini: rediyon nan naka kilomita nawa yake kaiwa? Wasu ma har sun riga sun sayo nasu, sun karanta nisan da aka rubuta a jikin kwali, sun gwada sun ga ko kusa bai kai ba, sai su ɗauka jabu aka sayar musu. Yawanci rediyon lafiyarsa ƙalau. Nisan da murya za ta je ya fi dogara ga inda eriya take da kuma zangon da aka zaɓa, ƙarfin na'urar yana zuwa ne daga baya. Na ɗauki lokaci mai tsawo kafin in fahimci haka, shi ya sa na ga ya dace in jero matakan da na bi ɗaya bayan ɗaya, domin wanda zai biyo baya ya tsira da kuɗinsa da lokacinsa.

Abin ya shiga raina ne a watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro. Muna da 'yan uwa a Gusau, muka yi makonni ba mu ji muryarsu ba sai in wani ya fito da saƙon baka. Ni sana'ata haɗa wutar sola ce, kuma a wurin wannan aikin na haɗu da wani dattijo, tsohon ma'aikacin sadarwa da ya yi ritaya, wanda na ga waya a shimfiɗe tsakanin itatuwan darbejiya biyu a gidansa. Da na tambaye shi, ya zaunar da ni ya ba ni labarin rediyon sha'awa, wato wanda mutum ke yi domin koyo da gwaji da taimako a lokacin larura. Na ce, "Baba, ni ma ina so, wane iri zan saya?" Ya ce, "Ɗana, ko ƙusa kada ka saya tukuna. Wanga abu da izini aka fara shi." Na kira ƙanena da ke koyar da kimiyya a Argungu na gaya masa, muka yi shawarar mu nema tare, burinmu kuwa ɗan ƙarami ne: mu yi magana daga gidana zuwa gidansa ba tare da layin kowane kamfani ba.

Lasisin daga gwamnatin tarayya yake fitowa, kuma yana zuwa da lambar kira wadda mutum zai riƙa ambata duk lokacin da ya hau iska. Ta Najeriya tana farawa da 5N, ta Nijar da 5U, ta Benin da TY, don haka mu da ke iyaka da ƙasashen biyu daga jin lamba mun san daga inda mutum yake magana. Mun haɗa takardar neman izini, da kwafin katin shaidar ɗan ƙasa, da hotuna, da cikakken adireshin inda tashar za ta zauna, da bayanin na'urorin da muke niyyar amfani da su, muka biya kuɗin da aka ce, muka adana rasit. Sai jira, na watanni. Jiran ya yi mini nauyi, amma Baba bai bar mu mun zauna haka ba. Duk yammacin Juma'a nakan je gidansa in zauna kusa da shi ina saurare yana magana da mutane, ina koyon yadda ake kira da yadda ake ba da rahoton ƙarfin murya. A nan na koyi dokokin da ba a wasa da su: ba a cinikin kaya a wannan zango, ba a sa kiɗa, ba a magana da zaurance don ɓoye ma'ana, duk abin da ka faɗa kowa na iya ji. Wanda yake neman hanyar kiran yaran shagonsa ko direban motarsa ya sani wannan lasisin ba nasa ba ne.

Da takardar ta fito, kafin in kafa komai sai da na yi kwafinta na je wurin mai unguwarmu, shi kuma ya haɗa ni da wani muka je ofishin 'yan sanda na yankinmu na yi bayani. Wannan matakin ba a rubuce yake a ko'ina ba, amma a ganina ya kusa kai lasisin muhimmanci. A halin da yankinmu yake ciki, oba-oba a hannun farar hula abin tuhuma ne, kuma mutanen da ke tuhumar suna da dalilinsu. An yi mini tambayoyi, na amsa, aka karɓi kwafi, aka sallame ni cikin mutunci. Maƙwabta ma na bi su gida gida na gaya musu abin da za su gani ya miƙe. Har yau kwafin lasisin yana cikin jakar da rediyon yake.

Gwajin farko da ƙananan rediyon hannu muka yi shi, masu ƙarfin wat 5, a zangon mita 2, wato tsakanin megahaz 144 zuwa 146. A duk kayan da na saya daga baya su ne mafi arha. Ƙanena ya zo gari, ya hau babur yana nisa yana kirana, ni kuma ina tsaye a tsakar gida. Da farko muryarsa tar, kamar yana gabana. Da ya shiga cikin gine-ginen kasuwa sai ta fara yankewa, kafin ya fita gari ta ɓace ɗungurungum. Da ya koma Argungu muka sa lokaci muka gwada, ban da shuuu babu abin da ya fito. Na je wa Baba jiki a sanyaye, na ce ina ganin sai na nemi na'urar ƙara ƙarfi. Ya ɗauko takarda da biro ya yi mini lissafin da ya canza mini tunani gaba ɗaya.

Ya ce igiyar rediyo ta wannan zango, wadda ake kira VHF, miƙewa take yi kusan santal, ba ta bin lanƙwasar ƙasa sai kaɗan. Duniya kuwa a dunƙule take, don haka ko babu gini babu dutse, akwai iyakar da eriya take hangowa, bayanta ƙasar kanta ta tare hanya. Ana gane iyakar ne da tsayin eriya: ka nemo lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da tsayin a mita, sai ka ninka ta da 4.12, abin da ya fito shi ne kilomita. Mutum a tsaye da rediyo a bakinsa tsayin kamar mita ɗaya da rabi ne, iyakarsa kilomita 5. Wanda yake magana da shi ma kilomita 5, an haɗa 10 ke nan, shi ma a fili fetal. Eriya mai tsayin mita 9 tana hango kilomita 12, mai mita 16 kilomita 16 da rabi, mai mita 36 kusan kilomita 25. Wato kafin ka ninka nisa sau biyu sai ka ninka tsayi sau huɗu. Ta ɓangaren ƙarfi kuwa, in ka tashi daga wat 5 zuwa wat 20, ƙarin da wancan zai gani a ma'aunin rediyonsa mataki ɗaya ne tak. Sannan ya sa muka auna a taswira: daga Birnin Kebbi zuwa Argungu a miƙe, ba ta titi ba, kimanin kilomita 47 ne, kuma a tsakiyar wannan tazara lanƙwasar duniya kaɗai ta tayar da tudu na sama da mita 30 tsakaninmu. Kafin eriyoyinmu su hangi juna sosai sai kowace ta kai wannan tsayin. Na ce to ashe ba zai yiwu ba. Ya ce zai yiwu, domin wani ɓangare na igiyar yakan karya ta gefen abin da ya tare ta ya gangara baya, sai dai da rauni yake isa, aikinmu shi ne mu rage asara a ko'ina har raunannen nan ya isa a ji shi.

Daga nan na shiga intanet na yi amfani da taswirar da ke nuna hawa da saukar ƙasa tsakanin wurare biyu. Ina roƙon duk mai wannan niyya ya fara da wannan, kyauta ne, kuma yana nuna maka gaskiyar hanyarka kafin ka kira mai walda. Mu mun yi sa'a, domin garuruwan biyu suna gefen fadamar gulbi ɗaya, wanda ya ratso Argungu ya gangaro Birnin Kebbi, kuma gidana yana ɓangaren gari mai tudu. Da a gindin wani tudu nake ta arewa maso gabas, inda Argungu take, da labarin ya sha bamban.

Sai aikin ƙarfe. Mai walda ya haɗa mini bututun ƙarfe hawa biyu, tsayinsa daga ƙasa mita 12, muka binne gindinsa da kankare, muka ɗaure shi da wayoyin ja ta fuska uku, domin iskar farkon damina a nan ba ta da sauƙi. Na kafa shi nesa da wayar wutar lantarki ta yadda ko ya faɗi ba zai taɓa ta ba, kuma a wannan babu rangwame, an rasa rayuka a irin haka. A nan ne kuma na gane inda kuɗi ke tafiya. Wayar da ke sauko da saƙo daga eriya zuwa ɗaki tana shan ƙarfi. Siririyar nan mai arha da ake kira RG-58 tana cinye kusan rabin ƙarfin a mita 15 zuwa 20 a wannan zango, wurin aikawa da wurin karɓa duka. Mai kaurin, RG-213, asararta kusan rabin haka ce, amma mita 20 ɗinta ya fi rediyon hannun tsada, kuma ban same ta a gari ba, sai da aka aiko mini da ita daga Kano. Wayar dish ɗin talabijin da ta cika kasuwa ma'auninta daban ne, om 75 ce, rediyonmu kuwa om 50 yake so. Baba ya ara mini na'urar da ke auna ko ƙarfin yana fita ta eriya ko yana dawowa cikin rediyo, muka daidaita, muka naɗe mahaɗin da kyau don kada ruwa ya shiga, muka kafa sandar tagulla a ƙasa saboda aradu. Duk da haka, da na ga hadari ya haɗo nakan cire wayar daga jikin rediyo.

Da wannan rediyon hannun dai, wat 5 ɗin nan, na maƙala masa wayar eriyar sama. Ƙanena ya sake hawa babur. A Kalgo muryarsa ta fito ras. Da ya doshi Jega, wadda ke da nisan kilomita 30 da ɗoriya, sai da ya tsaya a kan tudu kafin in tsinci wasu kalmomi cikin hayaniya. Wannan ranar na yi farin cikin da ban iya ɓoyewa ba, domin lissafin da na gani a takarda ya tabbata a kunnena. Shi ma ya kafa nasa ƙarfen a Argungu, tsayi ɗaya da nawa. Mita 12 da mita 12 sun ba mu kamar kilomita 28, saura kusan 19 a bayan tudu. Da rana shiru. Amma wata safiya a hunturu, bayan sallar asuba, na kira kamar yadda muka saba gwadawa, sai na ji "Yaya, ina jin ka, ina jin ka!" Muka yi ta magana, da rana ta ɗaga muryar ta dusashe ta tafi. Dalilin shi ne da dare ƙasa kan huce, iskar da ke kusa da ita ta fi ta sama sanyi, wannan bambanci sai ya lanƙwaso igiyar ƙasa fiye da yadda ta saba, ta tsallake tudun. Masu sauraron FM sun san wannan, wani lokaci da sassafe tashar wani gari mai nisa takan shigo sannan ta ɓace. Abin daɗi ne, sai dai ba a dogara da shi, kuma wanda ya gwada sau ɗaya da asuba ya ce rediyonsa yana kai kilomita kaza bai ba da labarin duka ba.

Abin da ya tabbatar mana da hanyar abu biyu ne. Na farko eriya mai fuskantar waje ɗaya, wadda ake kira Yagi, da sunan ɗaya daga cikin malaman Japan biyu da suka ƙirƙiro ta a 1926, irin dai tsohuwar eriyar talabijin mai haƙarƙari. Maimakon ta watsa ƙarfi ko'ina, tattara shi take yi ta tura gaba, kuma haka take tattaro abin da ke zuwa daga can. Da sandunan alminiyam muka ƙera namu, kowace sanda kimanin mita ɗaya, na juya tawa arewa maso gabas, shi ya juyo tasa kudu maso yamma. Dole sandunan duka biyun su zama a tsaye ko duka a kwance, in ɗaya ta saɓa wa ɗaya asarar tana da yawa ƙwarai. Na biyu, muka koma rediyo irin na mota mai wat 25 da batir ɗin sola. Tun daga nan Argungu ta samu dare da rana. Da tsakar rana akwai ɗan shuuu a ƙarƙashin murya, amma kowace kalma tana fita.

Da buri ya cika sai wani ya taso. Akwai wani mai lasisi a wajen Zuru, tazarar kimanin kilomita 160, ga duwatsu a yankin. A zangon mita 2 hanya ɗaya ce tabbatacciya, a sa na'urar maimaitawa a wuri mai tsayi wadda za ta karɓa ta sake aikawa, wannan kuwa aikin ƙungiya ne. Baba ya ce lokaci ya yi da zan sauko gajeren zango, wanda iyayenmu suka daɗe suna kama BBC da Muryar Amurka da shi. Shi wannan zango, tsakanin megahaz 3 zuwa 30, ba ya buƙatar eriya ta hangi eriya. Can sama, daga kamar kilomita 60 zuwa ɗaruruwa, hasken rana yana caja iska, kuma sashen sama na wannan iska yakan mayar da igiyar gajeren zango ƙasa. Rediyon wannan zango shi ne abu mafi tsada da na saya, ɗan gwanjo ne amma ya kusa kuɗin tsohon babur. Eriyar kuwa waya ce kawai: a zangon mita 40, wato megahaz 7, tsawonta mita 20, goma dama goma hagu, wayar saukowa a tsakiya.

A nan abin ya juye, har na yi ta mamaki. Bayan duk wahalar neman tsayi, Baba ya ce in rataye wannan ƙasa ƙasa, kamar mita 5 zuwa 6, a kwance. Ya ce in tuna fitilar hannu a ɗaki mai duhu: in ka haska silin, hasken yakan dawo ya game ɗakin duka. Eriyar da ke kusa da ƙasa sama take tura ƙarfinta kusan a miƙe, ya dawo ya sauka a kewaye har ɗaruruwan kilomita, babu ruwansa da dutse ko tudu. Da haka na samu Zuru da rana tsaka, muryarsa ta fi ta Argungu ƙarfi. Amma wannan zango yana da lokutansa. Da rana mita 40 ke aiki, da dare sau da yawa sai an sauko mita 80, wato megahaz 3.5, domin da dare cajin iskar sama yakan ragu har igiyar mita 40 ta huda ta wuce ba ta dawo ba, sashen ƙasa na wannan iska kuma da ke shanye ƙananan zanguna da rana yakan watse bayan faɗuwar rana. Yanayin rana kanta ma yana hawa da sauka duk shekara 11 ko kusa da haka, kuma na yi dace na shigo lokacin da yake sama, wajen 2024. Da na ɗaga wata waya mai mita 10 a kan ƙarfena don zangon mita 20, da yamma na yi magana da Italiya da Sifen, wani dare har Brazil, alhali a wannan zangon mutumin Zuru ba ya jina sam, domin igiyar ta tsallake kansa ta sauka can gaba. Wanda bai san wannan ba zai ɗauka na'urarsa ta lalace.

Babban abokin gabar gajeren zango a gidajenmu hayaniyar lantarki ce. Inbata, da na'urar cajin sola mai arha, da wasu ƙwayayen fitila, da cajar waya, duk suna zuba ƙara a cikin rediyo. Ni da nake wannan sana'a na bi kayan gidana ɗaya bayan ɗaya ina kashewa har na gano masu laifin, yanzu in zan yi magana mai nisa nakan kashe inbata in bar rediyo a kan batir kai tsaye. A damina kuma tartsatsin tsawa daga nesa yakan cika mita 80 da mita 40, wannan sai haƙuri.

Gwajin da ya fi burge ni da ƙaramin rediyon hannun nan na yi shi, wanda ya kasa fitar da ni gari. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana zagaya duniya a tsayin kimanin kilomita 400, kuma tana ɗauke da rediyon sha'awa. Na duba lokacin da za ta gifta ta samanmu, na fita tsakar gida da ƙaramar Yagi a hannu ina bin ta, saƙonta ya shigo tsaf na 'yan mintoci, ta faɗa bayan ƙasa ya yanke. Babu abin da ya tare tsakanina da ita, shi ya sa nisan bai hana ba.

Ga wanda zai fara, abin da zan ce ya soma da tambayar kansa wa yake so ya yi magana da shi, kuma a ina mutumin yake. In cikin gari ne ko ƙauyukan kewaye, zangon mita 2 ya isa, kuɗin ya tafi ga tsayi da waya mai kyau kafin a yi maganar wat. In tazarar ta kai irin ta Argungu, a duba taswirar tudu, a ƙera Yagi a ɓangarorin biyu, a kuma yi gwaji da tsakar rana, domin nan ne hanya take nuna ainihin halinta. In kuwa Zuru ce ko Yawuri ko Gusau, kada a wahalar da kai da dogon ƙarfe, gajeren zango da waya a kwance su ne maganin. Kuma a nemi dattijo irin Baba tun farko, sun yi ƙaranci, ilimin da ke kansu kuwa ba a kasuwa yake ba. A yanzu mu 'yan kaɗan da ke da lasisi a wannan yanki muna neman wuri mai tsayi da tsaro inda za mu nemi izinin ɗora na'urar maimaitawa mai aiki da sola. Lissafinmu ya nuna in eriyarta ta kai mita 50 sama da kewayenta, za ta hangi kilomita 29, mai rediyon hannu a fili zai same ta daga kusan kilomita 34, mai eriya irin tawa kuwa daga sama da 40.